KULA DA WAYOYIN TARTSATSI A TSOHUWAR MOTA: DARASI GA DIREBOBI DA MASU GYARA

An shirya wannan ƙasida ne domin amfanin direbobi, da masu motoci, da yaran da ke koyon aikin lantarkin mota a garejojin ƙasar nan. Manufarta ita ce bayyana yadda na'urar tartsatsi ta lantarki take aiki, da yadda ake bin wayoyinta daki-daki har a gano inda ɓaci yake, ba tare da an yi asarar kuɗi wajen sayen kayan da ba su lalace ba. An ɗauki Jimeta da Yola a matsayin misali, sabo da zafin rana, da ƙura, da ruwa, waɗanda su ne manyan abokan gabar waya, duk sun haɗu a can. Amma darasin ya shafi kowa, daga Sakkwato har zuwa Maiduguri.

Dalilin wannan darasi

Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a unguwar Kakuri a shekarar 1975, ya kuwa cika hanyoyin ƙasar nan da motoci ƙirar 504, daga baya kuma 505. An daɗe da daina haɗa waɗannan motoci, amma har yanzu ana ganin sauransu tare da tsofaffin motocin Japan da na Jamus suna ɗaukar mutane da kaya. Motar da ta shekara 30 ko 40, ko da injinta na da ƙarfi, lalle robar wayoyinta ta bushe, bakunan wayoyin kuma sun yi tsatsa.

Direban da ya tashi daga tashar Jambutu zai nufi Numan da Gombe, ko kuwa ya haye gadar Binuwai ya bi ta Girei da Song da Gombi da Hong zuwa Mubi, ya san akwai wuraren da in mota ta mutu ba zai sami mai gyara kusa ba. Motar da ta tsaya kan titi da dare haɗari ce ga fasinjojinta, haɗari ce kuma ga mai tahowa a baya. Bayan haka, tartsatsi mai rauni ba ya ƙone mai sosai, sai wani ɓangarensa ya fita ta salansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da ta tafi a banza ana jin zafinta a aljihu.

Asalin na'urar

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya ƙago hanyar kunna mai da batir da koyil, aka fara sa ta a motocin Cadillac a 1910. Sunan kamfaninsa Delco, daga nan ne makanikanmu suka samo kalmar dilko, wadda suke kiran na'urar da ke raba wuta ga fulogi. A cikin wannan tsohon tsari akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da ake kira kwantak, suna buɗewa suna rufewa kamar baki. Duk lokacin da suka buɗe, sai koyil ya harba wuta. Aibinsu shi ne suna cinyewa, suna ƙonewa, dole a riƙa gyara tazararsu, wadda a yawancin motoci takan kasance kusan kashi 4 cikin 10 na milimita.

Domin kawar da wannan wahala aka ƙago tartsatsin lantarki. Kamfanin Chrysler na Amurka ya sa shi a dukkan motocinsa tun daga 1973, General Motors ya bi sahu a 1975, kamfanonin Turai da Japan su ma suka rungume shi. A ƙasar nan akwai motocin da suka zo da shi daga masana'anta, akwai kuma waɗanda aka cire musu kwantak aka sa musu dilkon lantarki daga kayan gwanjo. A irin waɗannan na biyu ne aka fi samun rikicewar waya, domin hannuwa da yawa sun taɓa su.

Sassan na'urar da aikin kowanne

Wajibi ne mai gyara ya san hanyar da wuta ke bi, kamar yadda ɗan gari ya san lungunan unguwarsu.

1. Batir. Shi ne rumbun wuta. Ƙarfinsa bolt 12 ne, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki.
2. Makulli. Shi ke buɗe wa wuta hanya daga batir zuwa koyil.
3. Koyil. Yana da naɗin waya biyu a cikinsa, mai kauri da siriri. Yana karɓar bolt 12 ya mai da shi bolt 20,000 ko fiye.
4. Ɗan aike. Wata 'yar na'ura ce a cikin dilko, a gurbin kwantak. Ita ke sanar da cewa lokacin harba wuta ya yi. Iri biyu aka fi gani: mai maganaɗisu da naɗin waya, wanda ke da waya biyu, da kuma mai waya uku wanda ake kira Hall.
5. Modul. Ƙaramin akwati ne da ke karɓar saƙon ɗan aike, ya yanke wutar koyil a daidai lokaci. A wasu motoci yana jikin dilko, a wasu kuwa an ɗaure shi a kan farantin alminiyam kusa da koyil.
6. Rota, da murfin dilko, da manyan wayoyi, da fulogi. Su ke kai wutar ga kowace silinda bi da bi.
7. Wayar ƙasa. Ita ce ke haɗa batir da inji da ƙarfen jikin mota, ta nan wuta ke komawa gida. In ba ta kama sosai ba, kome kyan sauran kaya ba za su yi aiki ba.

A motocin da suka bi tsarin Jamus za a ga lambobi a jikin koyil. Lamba 15 ita ce wutar da ke zuwa daga makulli, watau gefen alamar tarawa. Lamba 1 ita ce gefen alamar ɗebewa, mai zuwa modul. Lamba 4 ita ce babbar waya ta tsakiya. Lamba 31 kuwa, duk inda aka gan ta, wayar ƙasa ce.

Abin da yanayi ke yi wa waya

A Jimeta, cikin watannin Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin bonet. Zafi yana busar da robar waya har ta tsattsage, yana kuma kashe modul in bai sami hanyar huce zafinsa ba. Da hunturu ƙura takan shiga cikin murfin dilko, ta haɗu da maiƙo, ta zama hanyar da wuta ke zurarewa. Da damina kuwa laima takan kwanta a bakunan wayoyi ta haifar da koren tsatsa. Motocin da ruwa ya shanye lokacin ambaliyar Binuwai ta 2012 da ta 2022 sun nuna wani abu: mota takan tashi bayan ta bushe, amma tsatsar tana nan tana cin tagulla a ɓoye, sai bayan watanni ɓacin ya bayyana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a sa hannu

A tsai da mota a wuri mai iska, a ja birkin hannu, a fitar da giya. Kada a kusanto da sigari ko wata wuta. In ana jin warin fetur, a fara gano inda yake zuba, domin gwajin tartsatsi kusa da fetur yana iya tada gobara. Kada a riƙe babbar waya da hannu alhali ana juya inji. Wutar tartsatsin lantarki ta fi ta kwantak ƙarfi ƙwarai, mai ciwon zuciya kuwa, musamman wanda aka dasa wa na'urar bugun zuciya, ya nisanci wannan aiki baki ɗaya. Duk lokacin da za a kwance wata waya, a kashe makulli tukuna.

Kayan aikin ba su da yawa: fitilar gwaji ta bolt 12, da mita mai auna bolt da om, da fulogi ɗaya mai kyau, da sanfefa. Om shi ne ma'aunin tsaurin hanyar da wuta ke bi. In om ya yi yawa, wuta ba ta wucewa sosai.

Matakan bincike

A bi matakan nan yadda aka jera su. Kada a tsallake na farko don ganin ya yi sauƙi.

*Mataki na ɗaya: batir.* A auna shi mota na kashe. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2, rabinsa ya tafi. A sake aunawa lokacin da ake murza makulli don tada inji. In ya faɗi ƙasa da bolt 9.6, batirin ya yi rauni, mai yiwuwa ya juya inji amma modul ya kasa aiki. A kankare kawunan batir, a ɗaure su tam.

*Mataki na biyu: duban ido.* A bi kowace waya daga koyil zuwa modul, daga modul zuwa dilko. A nemi wadda ta goge da ƙarfe, ko ta narke kusa da bututun hayaƙi, ko wadda aka murɗa da hannu aka naɗe da tef. A duba fiyus. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon.

*Mataki na uku: gwajin tartsatsi.* A zare babbar wayar tsakiya daga murfin dilko, a sa mata fulogin gwaji, a kwantar da jikin fulogin a kan ƙarfen inji, sa'an nan wani ya murza makulli. In an ga tartsatsi mai ƙarfi yana ƙara, to koyil da modul da ɗan aike lafiyarsu lau, ɓacin yana gaba: rota, ko murfi, ko manyan wayoyi, ko fulogi, ko kuma batun mai ne. In babu tartsatsi, a ci gaba. Kada a juya inji babbar waya na rataye ba ta da inda za ta zubar da wutarta, wannan yana kashe koyil da modul.

*Mataki na huɗu: wuta a koyil.* A kunna makulli, a auna a lamba 15. Ya kamata a sami kusan abin da batir ke da shi, bambancin kada ya wuce rabin bolt, sai dai in motar tana da na'urar rage wuta, wadda za a yi bayaninta nan gaba. A sake aunawa ana juya inji, domin akwai makullin da ya tsufa wanda ke ba da wuta a tsaye amma ya yanke ta lokacin tadawa. In babu wuta, a koma baya ta fiyus zuwa makulli.

*Mataki na biyar: ƙiftawar fitila.* A ɗaura fitilar gwaji tsakanin lamba 1 da ƙarfen inji, a juya inji. In fitila tana ƙiftawa, modul yana yanke wuta yadda ya kamata, sai a zargi koyil. In ta kama ba ta ƙiftawa, saƙo ba ya zuwa, watau ɓacin yana ga ɗan aike, ko wayoyinsa, ko modul. In kuwa ta ƙi kamawa sam alhali akwai wuta a lamba 15, ko dai naɗin koyil ya tsinke, ko kuma wayar lamba 1 tana taɓa ƙarfe a wani wuri. A motar da ke da agogon juyin inji, wayarsa a nan take haɗe. A zare ta a sake gwadawa, domin lalataccen agogo yana iya shanye tartsatsi.

*Mataki na shida: koyil.* A kashe makulli, a kwance wayoyinsa, a auna tsakanin ƙananan kawunansa biyu. Koyil na kwantak wanda ba ya tare da na'urar rage wuta yakan nuna kamar om 3, mai tafiya da ita kamar om 1.5, na lantarki kuwa yawanci bai cika kai om 1 ba. Tsakanin babban rami da ƙaramin kai za a sami dubban om. Koyil da ya tsage a baki ko yake yoyon mai, a canja shi.

*Mataki na bakwai: wutar modul da wayar ƙasarsa.* A tabbata wuta tana isa modul. Sa'an nan a duba komawarta. Yawancin modul suna samun ƙasa ne ta kusoshin da aka ɗaure su da su, don haka fenti ko tsatsa a wurin ya isa ya hana mota tashi. A sa mita tsakanin kan batir mai alamar ɗebewa da jikin inji ana juyawa. In ta nuna fiye da rabin bolt, wayar ƙasa ta yi rauni, a kwance ta, a goge, a ɗaure.

*Mataki na takwas: ɗan aike.* Mai waya biyu ana auna shi da om, zai nuna ɗaruruwan om, ainihin adadin yana cikin littafin motar. Ana aunawa ana motsa wayoyin da yatsa. In adadin yana tsalle, waya ta karye a cikin robarta. Wannan yakan faru ne domin farantin da ɗan aike ke zaune a kai yana motsi duk lokacin da aka taka totur, yau da gobe sai siririyar wayar ta gaji. Mai waya uku ba a auna shi da om. A tabbata wuta tana shiga ta waya ɗaya, ƙasa tana ta biyu, ta uku kuma adadinta yana hawa yana sauka in ana juya inji a hankali.

*Mataki na tara: modul.* Sai bayan duk waɗannan sun fita lafiya za a ɗora laifi a kan modul. In za a sa sabo, lalle a shafa masa farin man nan mai janye zafi a bayansa, a ɗaure shi a kan farantinsa. Gires ba ya maye gurbin wannan mai.

Alamomi da ma'anarsu

Motar da ke tashi da safe, ta yi tafiyar rabin sa'a ta mutu, in ta huce ta sake tashi, zafi ne ke kama modul ko koyil ko ɗan aike. A yi gwajin tartsatsi nan take tana da zafi, kafin shaidar ta gudu.

Motar da ke kamawa muddin ana riƙe da makulli a wurin tadawa, da an saki ta mutu, na'urar rage wuta ce ta tsinke. Wannan wata 'yar farar tangaran ce kusa da koyil, a wasu motoci kuma waya ce ta musamman a cikin damin wayoyi. Aikinta rage wuta zuwa bolt 7 ko 9 lokacin tafiya, ana kuwa kewaye ta lokacin tadawa. In an mai da mota daga kwantak zuwa lantarki, sai a duba ko sabon modul yana bukatar cikakken bolt 12. In haka ne, a jawo masa wuta daga gaban wannan na'ura.

Motar da ke yankewa in ta faɗa rami, waya ce sako-sako. A bar inji yana aiki a tsaye, a riƙa girgiza ƙananan wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a ji inda ya yi tuntuɓe.

Motar da ke harbi ta kafireta ko ta salansa bayan an taɓa dilko, ko dai an rikita jerin manyan wayoyi, ko an juya wayoyi biyu na ɗan aike. Jerin harbin yawancin injuna masu silinda huɗu, har da na 504, shi ne 1-3-4-2. A lura, a injunan Faransa da yawa ana fara ƙidaya silinda ta ɗaya ne daga wajen giya.

Motar da ke ƙin tashi da safiyar damina, laima ce a cikin murfin dilko. A goge shi da busasshen ƙyalle, a duba ko akwai baƙin zane siriri a cikinsa. In akwai, wuta ta riga ta yi wa kanta hanya, sai a canja murfi.

Abubuwan da aka hana

Kada a cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. Wannan al'ada ta zamanin kwantak ce, a motar lantarki tana iya ƙone modul nan take. Mita ta isa: in inji na aiki ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5, caji yana da kyau.

Kada a kanga waya da ƙarfe don a ga ko za ta yi tartsatsi. Kada a sa zaren tagulla ko takardar sigari a gurbin fiyus, domin fiyus ya ƙone ne don ya ceci mota, in an hana shi, waya ce za ta ƙone. Kada a juya kawunan batir ko na daƙiƙa ɗaya. Kada a sa koyil na lantarki a motar kwantak, ko a sa wa modul koyil da ba nasa ba. Kada a yi walda a jikin mota sai an kwance batir. Kada a watsa ruwa mai ƙarfi a kan dilko wajen wanki. Duk wayar da za a haɗa, a haɗa ta da dalma ko da baki na ƙarfe da aka matse sosai, kaurinta kuma ya zama daidai da na wadda aka cire.

Kira ga jama'a

Ga mai mota: in makanike ya ce a sayi sabon modul ko koyil, ba laifi ba ne ka tambaye shi cikin ladabi abin da mita ta nuna. Gwanin aiki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka nemi a ba ka tsohon da aka cire. In an canja wa motarka tsarin waya, ka sa a zana maka shi a takarda, ka ajiye tare da takardun mota, domin mai gyaran da za ka tarar a Ganye ko Jalingo ba shi ne ya yi aikin ba.

Ga masu gareji: ku koya wa yaranku karanta mita tun suna sababbin shiga. Yaron da ya iya awo ya fi wanda ya iya canje-canje, shi ne kuma zai riƙe sana'ar gobe, tun da motocin yanzu duk lantarki ne ke tafiyar da su.

Ga direba: kafin doguwar tafiya ka buɗe bonet, ka taɓa kawunan batir, ka duba wayoyin koyil. Ka riƙe fiyus na ajiya, da fitilar gwaji, da tocila. In mota ta mutu a hanya, a tura ta gefe, a sa alamar gargaɗi a gaba da baya da nisa, a sauke fasinjoji su tsaya nesa da titi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa 122.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan ƙasida ya taimaka ya karanta wa ɗan'uwansa da bai sami gani ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.